Ajiya Maganin Wata Rana: Tarihin Samfuri da Kundi a Binciken Ciwon Dajin Kai da Wuya

Cikin cututtukan da ke kama ɗan Adam, waɗanda suke fitowa a fuska da wuya sun fi saura tayar da hankali, domin riga ba ta rufe su. Kumburin muƙamuƙi, gyambon harshe ko na dasashi wanda ya ƙi warkewa, dusashewar murya ta wata da watanni, ƙullutun wuya marar zafi, toshewar kafar hanci ɗaya tare da haɓo: duk wanda ya zauna a karkara ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu, a gidansu ko a maƙwabta. Idan aka tabbatar sankara ce, likitoci suna tara su a ƙarƙashin suna guda, wato ciwon dajin kai da wuya. Abin da duniya ta sani a kansu an same shi ne ta hanyar abubuwa biyu da ba a raba su. Na farko ɗan yankin tsoka ko ɗigon jini da aka ɗiba daga jikin marar lafiya, wanda ake kira samfuri. Na biyu takardar da ta bayyana daga jikin wa aka ɗiba, shekarunsa nawa, ina garinsu, yaushe ciwon ya fara, yaya kuma ya ƙare.

Wannan maƙala za ta bi sawun abubuwan nan biyu daga Kampala zuwa Ibadan, daga can zuwa ƙasar Damagaram. Babban kaso na wannan ilimi daga jikin yaran Afirka ya fito, har da yaran jaharmu. Saboda haka, sanin wanda yake ajiye samfurin, da inda yake ajiye shi, da iznin da ya samu, da abin da yake komowa ga masu shi, lamari ne da ya shafi mutumin Bande da na Dungas kamar yadda ya shafi masanan Turai.

Kundin Mengo da idon Burkitt

A shekarar 1957, a asibitin Mulago na birnin Kampala, ƙasar Uganda, aka nuna wa wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan mai suna Denis Burkitt wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Bayan ƴan makonni ya sake ganin irinsa a garin Jinja. Wani likitan da sai ya ce katari ya yi, ya wuce. Shi kuwa sai ya koma ɗakin ajiyar takardun asibiti yana tono bayanan yaran da suka gabata, ya tarar masu kumburin muƙamuƙi sau da yawa suna da ƙari a ciki, ko a ƙoda, ko a bayan ido. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Ingila. Abokan aikinsa masu duba tsoka a madubi, Jack Davies da Greg O'Conor, suka koma kan tsofaffin samfuran da ke ajiye, suka gano cewa duk ciwo ɗaya ne, kuma tushensa fararen ƙwayoyin jini ne, irin waɗanda suke taruwa a kaluluwa. Shi ne ciwon da ake kira da sunan Burkitt har yau.

Akwai wata ajiyar da ta girmi wannan. Tun 1897 wani likitan mishan, Albert Cook, ya buɗe asibitin Mengo a nan Kampala, kuma mutum ne mai rubuta duk abin da ya gani, wani lokaci har da zanen marar lafiya. Da aka koma kan kundayen asibitin a farkon shekarun 1960, aka bi su daga 1897 zuwa 1956, sai ga kwatancin yara masu irin wannan kumburi tun farkon ƙarni na 20. Ashe ciwon ya daɗe a ƙasar, saninsa ne ya zo a makare. Cook ya rasu a 1951 bai san amfanin da za a yi da rubutunsa ba. Gaskiyar masu iya magana, da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan Burkitt ya buga takardu masu hoton yaran ya aika wa asibitocin Afirka ta gidan waya, yana tambayar ko sun taɓa ganin irin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya soka allura a taswira. A ƙarshen 1961, shi da abokansa biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota suka yi mako 10 a hanya, suka ci kilomita wajen dubu 16, suka leƙa asibitoci fiye da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Taswirar ta nuna ciwon yana bin zafi da damshi. Ba ya hawa tuddai masu sanyi, kuma yana ƙaranci inda ruwan sama bai kai milimita 500 a shekara ba. A Najeriya ya yi yawa a kudu, ya yi ƙaranci a wajen Kano duk da cikar jama'arta. Daga baya aka fahimci cewa iyakar da yake bi ita ce iyakar zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Mu da muke kudancin Damagaram, inda damina ta fi ta sauran jahar kauri, kusan a bakin wannan iyaka muke zaune.

Jirgin da hazo ya karkatar

Ranar 22 ga Maris 1961 Burkitt ya gabatar da lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu saurare akwai Anthony Epstein, masanin ƙwayoyin bairus. Da ya ji batun zafi da damshi sai ya raya a ransa cewa lalle akwai ƙwayar cuta a ƙarƙashin lamarin. Suka shirya da Burkitt: idan an yi wa yaro fiɗa a Kampala, a saka ɗan yanki cikin kwalba a ba jirgin dare ya kai Landan. Fiye da shekara biyu Epstein yana gwaji babu nasara. A watan Disamba 1963 hazo ya rufe filin jirgin Landan, aka karkatar da jirgin zuwa Manchesta. Samfurin, wanda aka ɗiba daga muƙamuƙin wata yarinya ƴar shekara 9, ya iso a makare, ruwan kwalbar ya gurɓace kamar ya ruɓe. Maimakon ya zubar, Epstein ya ɗiga shi a madubi, sai ya ga ƙwayoyin ciwon ne girgizar tafiya ta kakkaɓe, suna yawo cikin ruwan da ransu. Nan ya gane yadda za a rene su, wato a bar su suna shawagi cikin ruwa ba tare da an nemi su manne a jikin gilashi ba. Shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka rene su, suka duba su da madubi mai aiki da lantarki, a watan Maris 1964 suka sanar da samun sabuwar ƙwayar bairus, wadda aka sa wa suna Epstein-Barr. Ita ce ta farko da aka tabbatar tana da hannu a ciwon dajin ɗan Adam.

A daidai wannan lokaci, a asibitin koyarwa na Ibadan, Robert Pulvertaft ya rayar da ƙwayoyin da aka ɗiba a 1963 daga muƙamuƙin wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 11. Waɗannan ƙwayoyi, da aka sani da suna Raji, suna nan suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, ana sayar da su, ana gwajin magunguna da su, fiye da shekara 60 bayan ɗibarsu. Ibadan ɗin ta buɗe kundin rajistar ciwon daji tun 1960 a hannun George Edington. A can ne kuma Victor Anomah Ngu, likitan fiɗa ɗan Kamaru, ya shiga sahun waɗanda suka nuna cewa magani yana narkar da wannan kumburi, har ya sami lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt da wasu.

Ƙwayar da aka samo a muƙamuƙin yara sai ta buɗe wata ƙofa. A 1966 masu bincike a Amurka suna gwada jinin masu ciwon daji iri-iri, sai suka ga masu sankarar bayan hanci, wato lungun da hanci yake haɗuwa da maƙogwaro, suna ɗauke da alamar wannan ƙwaya sosai. A 1970 aka sami shaidar ƙwayar cikin tsokar ciwon kanta. Wannan sankara ta yi yawa a kudancin Sin da ƙasashen arewacin Afirka, ana kuma samunta a ƙasashenmu. A 2017 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi wa maza dubu 20 a Hong Kong, inda aka nemi ɓurɓushin ƙwayar cikin jini aka gano ciwon tun yana ƙarami. Mutumin Hong Kong ke nan ya ci gajiyar kwalbar yarinyar Kampala.

Rumbun jinin yara dubu 42

Wata tambaya ta rage. Fiye da mutum 9 cikin 10 na manyan duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, to me ya sa ƴan kaɗan ne suke kamuwa da ciwon? Ba a iya amsawa sai an sami jinin yaro tun kafin ya kamu. Domin haka Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1965, ta shirya wani aiki a lardin Yammacin Nilu na Uganda a ƙarƙashin Guy de Thé. Daga 1972 aka ɗebi jinin yara lafiyayyu wajen dubu 42, aka rubuta bayanin kowane da ƙauyensa, aka daskarar da jinin, aka zauna jira, alhali ƙasar tana cikin ruɗanin mulkin Idi Amin. Zuwa 1978 an ba da rahoton yara 14 da suka kamu. Aka ciro kwalabensu daga cikin dubbai, aka kwatanta da na tsaransu, aka ga cewa tun kafin ciwon ya bayyana jinin yawancinsu yana nuna ƙwayar ta yi musu yawa ƙwarai.

Mai karatu ya dubi lissafin: kwalabe dubu 42 aka ajiye saboda 14, kuma ranar ɗiba babu wanda ya san waɗanne ne 14 ɗin. Da lambar kwalba ta goge, ko an rubuta ƙauyen yaro ba daidai ba, da wahalar shekaru ta tashi a banza. Manomi ya san wannan sarai. Maigidan da ya ware damin iri a rumbu ya san na wace gona ne, ya san mai saurin nuna da mai jinkiri. Idan suka cakuɗe, hatsin yana nan amma ya tashi daga zama iri.

Ajiyar kanta iri biyu ce. Tsokar da likita ya yanko ana jefa ta nan take cikin ruwan formol domin kada ta ruɓe, sannan a tsane ta, a zuba mata kakin farafin ta zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar sukari. Daga shi ake feƙe yanki wanda ya fi silin gashi sirantaka nesa ba kusa ba, a rina shi, a ɗora a gilashi a duba. Irin wannan dunƙule yana shekaru gommai a kabad, ba ya neman wuta ba ya neman ƙanƙara. Jini da yawu da ɗanyar tsoka kuwa sai sanyi: digiri 80 ƙasa da sifiri cikin firiji na musamman, ko 196 ƙasa da sifiri cikin ruwan azot. Wanda ya ga yadda wutar da ke zuwa mana daga Najeriya ta yanke daga Agusta 2023 zuwa farkon 2024 ya san abin da wannan sharaɗi yake nufi a Damagaram. Shi ya sa ajiyar farafin, wadda ta fi araha, ita ce ta fi dacewa mu fara ƙwarewa a kanta, kafin hasken rana ya wadatar da firiji.

Masu samfurin fa?

Sunayen Burkitt da Epstein da Barr sun shiga littattafai. Yaran da aka ɗebi jikinsu kuwa, yawancinsu ƴaƴan talakawa ne da ba su san inda kwalbar ta nufa ba, kuma a wancan zamani ba a ɗauki neman izni na musamman domin bincike a matsayin wajibi ba. Haka abin yake har a Amurka. A 1951, a asibitin Johns Hopkins na Baltimore, aka ɗebi ƙwayoyin sankarar mahaifa daga jikin wata baƙar mace, Henrietta Lacks, ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin suka watsu duniya da suna HeLa, iyalinta suka yi shekara fiye da 20 ba su da labari. Sai a 2013 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince iyalin su sami ta cewa kan masu duba bayanan gadon jininsu.

Kusa da mu, a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan da yara wajen 200 a Kano. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran kuma an nemi yarda da baki. Rigimar ta kai 2009, sa'ad da aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Rashin takardar yarda sahihiya shi ne ya hana a raba gardamar tun da wuri, kuma zargin da ya biyo baya yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003, wanda illarsa ta ƙetaro iyaka ta same mu.

Bai kamata a ɗauki ɗari-ɗarin mutanenmu a matsayin jahilci ba. Bahaushe yana binne mabiyiya da cibiya a cikin gida, har yana kiran garinsu inda aka binne cibiyarsa. Ba ya barin gashin aski ko yankan farce a sarari. A wurinsa abin da ya fita daga jiki bai rabu da mai jikin ba. Kimiyyar yau ta zo ta gaskata shi ta wata fuska, domin ɗigon jini yana ɗauke da bayanin gadon mutum, da na iyayensa, da na ƴaƴan da bai haifa ba tukuna. Ƙa'idojin da aka tsara daga baya, tun daga sanarwar Helsinki ta 1964 har zuwa ta Taipei ta 2016, wadda ta keɓanta da rumbunan samfuri da na bayanai, duk suna komawa ga abin da muke kira amana. A faɗa wa mutum abin da za a ɗiba da abin da za a yi da shi, cikin harshen da yake ji. A cire sunansa a sa lamba, mabuɗin lambar ya zauna a hannun mutum ƙalilan. Ya kasance yana da ikon ƙi ba tare da an hana shi magani ba, da ikon janyewa daga baya. Idan samfurin zai ƙetare iyaka, a rubuta yarjejeniya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa. Shirin H3Africa, wanda ya fara ba da kuɗin bincike a 2012, ya kafa rumbunan samfuri a Abuja da Kampala da Afirka ta Kudu domin ajiyar ta zauna a nahiyar.

Abin da aka yi a ƙasar Damagaram

Jaharmu tana da nata babi a wannan tarihi, ko da yake ciwon da aka bincika ba sankara ba ne. Ciwon da Turawa suke kira noma yana farawa daga dasashin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin kwanaki kaɗan ya huda kunci ya ci leɓe da ƙashi. Idan ba a yi magani ba yana kashe har 9 cikin 10. Idan an tare shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Sunan daga harshen Girka yake, yana nufin cinyewa, ba shi da dangantaka da nomanmu na gona. Tsofaffin likitocin Turai suna kiransa da wani sunan Latin mai ma'anar sankarar baki, a ƙasar Hausa kuma wasu suna ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Ke nan suna ɗaya yana rufe cututtuka biyu masu magani daban.

Gidauniyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a ƙasar Suwis a 1980, ta fara karɓar irin waɗannan yara a Damagaram a 1992. Wannan ya ba wata ƙungiyar masana ta Jeneba, GESNOMA, damar yin bincike daga Agusta 2001 zuwa Oktoba 2006. Duk yaron da aka samu da sabon ciwo, sai a je ƙauyensu a zaɓi tsaransa huɗu lafiyayyu domin kwatance. Aka tara masu ciwo 82 da lafiyayyu 327, aka auna tsawo da nauyi, aka yi wa iyaye tambayoyi, aka ɗebi jini da samfurin dasashi aka aika ɗakunan bincike na Suwis. Sakamakon ya fito a 2013. Ba a sami ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifi ba; abin da aka gani shi ne rikicewar daidaiton ƙwayoyin da ke zaune a baki. Abubuwan da suka fi tafiya da ciwon su ne tamowa mai tsanani, da zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watanni uku da suka gabata, da yawan haihuwar uwa, har da rashin kaji a gida, wanda alama ce ta talauci. Irin wannan shaida tana cikin abin da aka dogara da shi sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, ta saka noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamba 2023.

Aikin ya yi amfani, babu shakka. Sai dai shekara 12 ce tsakanin ɗibar farko da fitowar sakamako, kuma da Ingilishi ya fito, harshen da ko malaman lakwal ɗinmu kaɗan ne suke karanta shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Uwar da ta buɗe bakin ɗanta lafiyayye domin a kwatanta shi da na maƙwabciya tana bin bashin a komo ƙauyensu a gaya mata, da Hausa, abin da aka gano.

Kundin Nijar da giɓinsa

Nijar ta buɗe kundin rajistar ciwon daji a 1992, a ɗakin duba tsoka na sashen koyon likita na Jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai, a ƙarƙashin Farfesa Hassan Nouhou. Daga 1992 zuwa 2009 kundin ya tara mutum wajen dubu 7. A 2021 kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji ta buɗe sashen gashi da haske a Yamai, na farko a ƙasar, a lokacin da ake ƙiyasta sababbin masu kamuwa wajen dubu 10 a kowace shekara. Idan aka ɗora wannan ƙiyasi kusa da abin da kundin ya tara cikin shekara 18, za a ga yawan waɗanda ba su taɓa shiga rubutu ba.

Dalilin a fili yake ga mazaunin Bande. Yamai ta fi kilomita 900 daga nan, Kano kuwa tafiyar yini guda ce ko ƙasa da haka. Mai ƙullutu a wuya yakan fara da wanzami ko mai magani, daga nan asibitin karkara, daga nan Magarya, sannan babban asibitin Damagaram. Mai hali yakan ƙetara Kano ko Zariya, inda za a yanki tsokarsa a duba, a rubuta shi da adireshin ɗan'uwan da ya sauke shi. Dunƙulen farafin ɗinsa yana kabad a Najeriya, a kundin Nijar kuwa babu shi. Wanda bai fita ƙauye ba, babu shi a ko'ina. To idan aka zana taswira irin ta Burkitt aka ga babu allura a Magarya da Dungas, ba a iya cewa ciwon ne babu ko marubuci ne babu. Ga shi kuwa yankin yana da zazzaɓin damina mai tsanani da tamowa, abin da ya sa ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta fara aiki a asibitin Magarya tun 2005. Ga kuma tabar gari da ake dasawa a leɓe da kanwa, alhali an tabbatar taba, ta sha da ta tauna, tana cikin manyan musabbaban sankarar baki.

Ta fuskar doka ba mu zauna hannu sake ba. Akwai kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, wanda sai da amincewarsa ake fara aiki. A 2017 aka kafa dokar kare bayanan mutane, aka sabunta ta a 2022, tare da hukumar da ke lura da ita. Abin da ya rage shi ne mutumin ƙauye ya san dokar nan tasa ce.

Rabon malamai da ƙungiyoyin al'adu

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne. Gaskiya ne, amma rabinsa aikin harshe ne da rubutu, kuma nan ne fagenmu. Mu malamai mun fi kowa sanin yawan ɗaliban da takardarsu ta ce an haife su « vers » shekara kaza. Ciwon Burkitt na yara ne, noma na ƙanana ne, sankarar maƙogwaro ta manya ce. Idan shekarun da ke cikin kundi zato ne, sakamakon ma zato ne. Duk uban da muka shawo kansa ya yanki takardar haihuwa, duk uwar da muka koya wa ta adana karnen asibiti kamar yadda take adana takardar gona, mun ƙara wa kundin ƙasa layi ɗaya sahihi.

Sannan akwai batun kalmomi. Muddin ciwon daji da ciwon iska da sankara suna cakuɗe a bakin jama'a, uwa ba za ta bambance gyambon da kwana uku suke kashewa da ƙullutun da ke girma cikin watanni ba. Ya dace ƙungiyoyinmu su zauna da ma'aikatan lafiya na Magarya da Dungas da masana na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, a tattara sunayen da mutane suke amfani da su kasuwa-kasuwa, a daidaita kalma guda ga kowane ciwo, a watsa ta a gidajen rediyon karkara. Haka kuma takardar neman yarda: kada a bar ta ga tafinta ya juya da ka a gindin bishiya. A rubuta ta da Hausar da ake ji, da boko da ajami, a karanta wa mutum a gaban shaida kafin ya dangwala yatsa.

Daga ƙarshe, idan masu bincike suka sauka a fadar mai gari, ya kasance akwai wanda zai yi musu tambayoyin da suka dace, cikin ladabi kuma ba tare da tsoro ba. Me za ku ɗiba? Ina za ku ajiye shi, har shekara nawa? Wa zai ga sunan ɗana? Idan kun tashi yin wani binciken da shi, za ku sake tambayata? Yaushe za ku komo da labari? Mai binciken kirki yana da amsar kowace, kuma zai yi murna da an tambaye shi, domin garin da ya san haƙƙinsa ya fi riƙe alkawari idan aka komo neman yaran bayan shekaru. Kundin Mengo ya yi shekara fiye da 60 kafin a ci moriyarsa. Abin da ma'aikacin asibitin Bande ya rubuta yau da kyau, da kwanan wata da sunan ƙauye, wataƙila wani ɗalibinmu da ke aji shida yanzu shi ne zai buɗe shi.